Yini Ɗaya a Zanzibar: Jagora ga Wanda Jirgin Ruwa Zai Sauke da Safe Ya Kwashe da Yamma

Awa takwas, in an yi sa'a tara. Iyakar abin da babban jirgin ruwan yawon shaƙatawa ke bai wa fasinja ke nan a yawancin garuruwan da yake yada zango. Ya iso da sassafe, ya ɗaga kafin magariba. A cire lokacin layin sauka, a cire na layin dawowa, abin da zai rage a hannunka da ƙyar ya haura awa shida. Da su za ka ga garin, da su kuma za ka yanke masa hukuncin da za ka riƙa faɗa wa mutane har tsufanka.

Wannan hukuncin shi ke damuna. Daren da muka bar Zanzibar, a teburin cin abinci, wata baiwar Allah ta ce garin babu komai cikinsa sai zafi da 'yan naci. Na tambaye ta inda ta je. Ashe ba ta yi nisa da ƙofar tasha ba, masu talla suka yanyame ta, ta juya ta koma ɗakinta mai sanyi. Ba ƙarya ta yi ba, abin da ta gani ke nan. Sai dai bakin ƙofa ta gani, ta ɗauka gidan ne. Don kada haka ta same ka na rubuta wannan. Zanzibar na ɗauka domin ita na taka da ƙafata, amma rabin abin da ke nan zai yi maka aiki a kowane garin tsibiri da jirgi zai ajiye ka.

Tun kana gida

Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewarta da Tanganyika a ranar 26 ga Afrilu, 1964, saboda haka bizar Tanzaniya ake nema. Kada ka ɗauka tikitin jirgi ya wadatar. Masu wasu fasfo ana buga musu biza nan take, masu wasu kuma sai an nemi izini na musamman tun da wuri, abin da kan ci makonni. Rubuta wa kamfanin jirgin, ka faɗi ƙasar fasfonka, ka nemi amsa a rubuce. Fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata 6 a kansa. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, ko ya ratsa ta cikinta, ya riƙe katin rigakafinsa kusa, don ana tambaya. Tun watan Oktoban 2024 kuma gwamnatin tsibirin ta wajabta wa baƙi wata inshorar tafiya tata ta kanta. A wasiƙar nan taka ka haɗa da tambayar yadda dokar ta shafi fasinjan da yini kawai zai yi.

Daren jajiberi

Kowane dare ana kawo takardar shirin gobe ɗakinka, ko a sa ta a manhajar jirgin. Mutane kan duba lokacin abinci su ajiye. Abu uku za ka nema a ciki.

Na farko, lokacin da ake so kowa ya kasance cikin jirgi. Wannan daban yake da lokacin tashi, yawanci yakan riga shi da minti 30. Na biyu, ko jirgin zai manne da gaɓa ne a tashar Malindi, wato tashar jiragen ruwan birnin Zanzibar, ko kuwa can cikin ruwa zai tsaya ya jefa anga, a riƙa jigilar mutane da ƙananan jiragen inji. A Zanzibar manyan jirage da yawa a waje suke tsayawa. In haka ne, lokacin ƙaramin jirgi na ƙarshe shi ne wa'adinka na gaskiya, kuma yakan riga wancan. Na uku, suna da lambar wayar wakilin jirgin a tashar. Shi ne mutumin da zai tsaya maka in wani abu ya faru a tudu. Ɗauki hoton shafin da waya, sannan ka kwafe lambar a 'yar takarda ka sa a aljihu, don waya na mutuwa, ana kuma sace ta.

A daren nan ne kuma za ka yanke shawara ɗaya mai wuya: gari, ko bakin teku, ko gonar kayan ƙamshi. Ɗaya za ka zaɓa. Wanda ya ce sai ya haɗa ukun, a cikin mota zai ƙare yininsa. Ni shawarata gari, zan kuma faɗi dalili a gaba.

Jakarka ta zama ƙarama: katin jirgi, takardar shaidar da aka ce ka fita da ita, gorar ruwa, hula ko laima, maganin da kake sha. Kada ka sa leda a ciki, Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun Yunin 2019. Tufafi kuwa masu sauƙi, masu rufe kafaɗa da gwiwa, ga maza da mata. Mafi rinjayen mutanen tsibirin Musulmi ne, kuma shigar bakin ruwa a tsakiyar unguwa tana ɓata musu rai ko da ba su furta ba. Takalmi mai rufi ya fi silifa, lungunan akwai ruwan wanke-wanke da duwatsun da suka tashi.

Hau sama kafin ka sauka

Mutane kan ruga layi tun jirgi bai gama tsayawa ba. Kai ka hau bene na ƙarshe da kofin shayinka, ka ba garin minti goma sha biyar. An gina wannan gari ne don a gan shi daga teku, kuma daga nan ne kawai za ka ga fuskarsa gaba ɗaya.

Dogon ginin nan mai baranda hawa-hawa shi ne Beit al-Ajaib, gidan abubuwan al'ajabi, wanda Sultan Barghash ya gina a 1883. Shi ne gini na farko da ya sami wutar lantarki a tsibirin. Wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020 ana tsakiyar gyara, saboda haka kada ka sa ran shiga sai ka ji tabbacin an buɗe. Kusa da shi akwai tsohuwar ganuwa mai launin ƙasa, Ngome Kongwe, wadda Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17. Ta bayansu za ka hango hasumiyoyi biyu na cocin Katolika. Riƙe waɗannan a ka, su ne alamominka in ka rikice.

Ruwan da jirginku ke tsaye a kai ma yana da labari. A safiyar 27 ga Agusta, 1896, jiragen yaƙin Ingila suka tsaya a nan suka yi wa fadar luguden wuta, saboda Khalid bin Barghash ya hau gadon sarauta ba da yardarsu ba. Cikin kimanin minti 40 an gama. Ana kiransa yaƙi mafi gajarta a tarihi, masu jagoran baƙi kuma kan faɗe shi kamar abin raha, amma mutum wajen 500 aka kashe ko aka raunata a ɓangaren fada. Da ka san wannan, kallon da za ka yi wa bakin ruwan zai sauya.

Agogo biyu, har uku

Nan zan daɗe, domin nan ne ake yin kuskuren da ke raba mutum da jirginsa.

Jirgi yana da nasa lokacin, kuma ba kullum yake daidai da na garin da ya tsaya ba. Zanzibar tana gaban agogon GMT da awa 3. Wani kyaftin yakan daidaita agogon jirgi da na gari, wani ba ya yi. Wayarka kuwa da zarar ta kama layin ƙasar za ta gyara kanta ba tare da ta shawarce ka ba. Maganin abin shi ne agogon hannu na gargajiya, ka saita shi da na jirgi a bakin matakalar sauka, kada ka sake taɓa shi. Duk lokacin da aka rubuta a takardar shiri, na jirgi ake nufi.

Sai agogo na uku, wanda baƙi da yawa ba su san da shi ba. Masu jin Swahili daga fitowar rana suke fara ƙidayar awoyi. Ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, awa ta ɗaya. Sha biyun rana saa sita ne, awa ta shida. Ƙarfe 4 na yamma saa kumi, awa ta goma. Tsarin yana da ma'ana sosai a wurin da rana ke fitowa kusan ƙarfe shida ta faɗi kusan ƙarfe shida duk shekara. Amma ka duba abin da zai faru in ka ɗaga wa mai kwale-kwale yatsu huɗu kana nufin ya dawo ya ɗauke ka ƙarfe huɗu: a lissafinsa saa nne ƙarfe goma ne. Masu hulɗa da baƙi sun saba da duka biyun, sai dai ba a jingina komawa jirgi da zato. Nuna masa a fuskar agogo, ka sa shi ya maimaita. Dabarar juyawa mai sauƙi ce: lambar da ke daura da wadda aka faɗa maka, a ɗaya gefen fuskar agogo, ita ce taka.

Wani ɗan tarko kuma na musamman ga mai jin Hausa: dakika a Swahili minti ne. In direba ya ce dakika ishirini, minti ashirin yake nufi. Ban da wannan, kunnenka zai yi ta tsintar kalmomin da ya sani, irin su asubuhi, habari, hatari, dunia, alhamisi, albarkacin Larabcin da harsunan biyu suka sha.

Ƙofar tasha

Da ka fito za su taso maka. Mai taksi, mai kwale-kwale, mai sayar da zane, mai cewa shi ne jagoran da hukuma ta turo. Mutanen garin suna kiran 'yan nacin cikinsu papasi, wato kaska. Sunan ya yi tsauri, domin yawancinsu matasa ne da ranar zuwan jirgi ita ce ranar kasuwarsu, mutum dubu ɗaya ko biyu sun sauka lokaci guda kuma da yamma za su ɓace. In ka fahimci haka ba za ka ji haushinsu ba, ba kuma za ka bari su ja ka ba.

Abin yi: kada ka tsaya a nan don duba taswira, tsayawa gayyata ce. Ka riga ka san daga sama cewa dama za ka yi, teku na hannun damanka, ka bi titin Mizingani. Wanda ya yi maka magana ka dube shi, ka amsa gaisuwarsa, ka ce hapana, asante, wato a'a, na gode, ƙafarka na tafiya. Kada ka ce sai anjima in ba ka nufin haka, don zai jira ka, kuma zai gane ka da yamma. Bayan tafiyar minti biyar zuwa goma za ka ga sun ragu da kansu.

In kana son jagora, kuma ina ganin ya dace ga awa biyun farko, nemi mai katin shaida na hukumar yawon buɗe ido. Ku yi ciniki kafin taku na farko: nawa, awa nawa, kuɗin na mutum ɗaya ne ko na ayarin duka, kuɗin shiga wurare na ciki ko babu. Ka kuma faɗa masa tun farko cewa ba shaguna ka zo gani ba.

Kuɗin ƙasar shilin Tanzaniya ne, babbar takarda ita ce ta 10,000. Canza kaɗan, ko ka cira a na'urar banki a wajen titin Kenyatta, ka nemi ƙananan takardu na 1,000 da 2,000. Mai sayar da kofi a lungu ba shi da canjin babbar takarda. In dala ka riƙo don canji, ta zama sabuwar bugu marar yagewa, tsofaffi akan ƙi karɓa.

Cikin lunguna

A kan titin Mizingani za ka fara wuce wani gini mai baranda ta katako da aka yi wa ado kamar saƙa, tsohon ɗakin shan magani da attajiri Tharia Topan ya assasa, aka kammala a 1894. Sai tsohuwar fadar sarakuna, sai lambun Forodhani, sai ganuwa. Shiga ganuwar ka ɗan huta a inuwa, sannan ka fita ta bayanta ka faɗa cikin gari.

Tsohon garin, Mji Mkongwe, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, siffar kusurwa uku gare shi. Teku ta ɓangare biyu, babban titin da ake kira Creek Road ta na ukun. Duk inda ka miƙe, cikin kwata ɗaya na awa za ka ɓulla ɗaya daga cikinsu. Saboda haka ka saki jiki ka ɓata. Taswirar waya ba ta da amfani sosai a nan, dogayen bangaye na rikita ta, sai ka ga ɗigon da ke nuna inda kake yana tsalle daga wannan unguwa zuwa waccan. Matambayi ba ya ɓata: ka ce Forodhani ko Darajani da alamar tambaya, za a nuna maka da hannu.

Lungunan ba su ɗaukar mota, wasu in ka miƙa hannuwa za ka taɓa bango biyu. Ƙuncin nan shi ke ba da inuwa, shi ya sa za ka iya yawo da tsakar rana a garin da ke kudu da Ikwaita, layin da ya raba duniya biyu, da digiri 6 kacal. Kunnenka dai ya kasance a buɗe, babura da kekuna na shigowa da gudu, in ka ji ƙararrawa ka manne da bango.

Dubi bangon da kansa inda shafensa ya ɓare. Dutsen murjani ne aka haɗa da farar ƙasa. Yana shan ruwa, yana numfashi, in kuma aka yi masa faci da siminti sai danshi ya maƙale a ciki ya ci shi. Wannan na daga cikin dalilan da za ka ga gidaje da yawa an tokare su da katako. Ɗaga kai a cikin kowane shago, za ka ga baƙaƙen sanduna jere a rufi, itacen da ke tsirowa a bakin teku ne, suna kiransa boriti. Tsawon sandar shi ke yanke faɗin ɗaki, don haka ɗakunan garin dogaye ne sirara.

Sai ƙofofi. Kowa na ɗaukar hotonsu, kaɗan ke karanta su. Masu kai a miƙe, da sassaƙar sarƙa da furanni, wasu da ayar Alƙur'ani a sama, salon Larabawa da Swahili ne, su ne kuma suka fi tsufa. Masu kai a lanƙwashe da manyan ƙusoshin tagulla salon Indiya ne. A da ƙofar ita ke faɗin matsayin maigida. Ka tuna da mutane a bayan waɗannan ƙofofi, gidajensu ne. Kada ka leƙa, kada ka ɗauki hoton mace ko yaro ba da izini ba.

Abin da ya fi shiga raina shi ne dakalin da ke jikin kusan kowane gida, baraza. A kai ake karɓar baƙon da ba za a shigar da shi ciki ba, a kai ake hira, in ruwan sama ya cika lungu a kai ake tafiya. Akwai wata 'yar mahaɗa da ake kira Jaws Corner inda dattawa ke zama suna shan baƙin kofi a ƙananan kofuna. Nan ka nufa da hantsi. Yi sallama, ka ce wa wanda ya girme ka shikamoo, zai amsa da marahaba. Sayi kofi da ɗan kashata, alewar gyaɗa ko kwakwa, ka zauna minti ashirin ba tare da ka ciro waya ba. Wani tsoho da na zauna kusa da shi bai jin Turanci, ni ba na jin Swahili, da guntun Larabci muka lallaɓa. Ya tambayi inda na fito, ya tambayi ko ina da 'ya'ya, ya ce in gaishe su. Cikin duk abin da na gani a ranar, wannan zaman ne ya fi zauna mini.

Mkunazini

Kada ka tsallake wannan wuri, inda tsohuwar kasuwar bayi take, ko da zai ɓata maka rai, zai kuma ɓata. Arzikin da ya gina waɗancan ƙofofi daga hauren giwa ya fito, da kanumfari, da bayi. Bayan Sayyid Sa'id, sarkin Oman, ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa nan wajajen 1840, garin ya zama babbar kasuwar bayi ta gabashin Afirka. Ana kamo mutane daga can cikin nahiya, har yankin tafkin Malawi da gabashin Kwango, a tako da su zuwa gaɓa, a tsallako da su. Wasu a tura su gonakin kanumfari, wasu a wuce da su ƙetare. A 1873 Sultan Barghash ya sa hannu aka rufe kasuwar bisa matsin lambar Ingila, aka kuma gina cocin Angilika a filin. Bautar kanta ba a soke ta a dokar tsibirin ba sai 1897.

Ana biyan kuɗin shiga. Akwai ɗakin baje tarihi mai hotuna da bayani, ba shi awa guda in kana da ita. Akwai ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa masu gajeren rufi da ake nuna wa baƙi. A waje kuma akwai wani rami da mutum-mutumi biyar a tsaye ciki, sarƙa a wuyansu. Na ga masu tsayawa gabansa suna murmushi ana ɗaukarsu hoto. Don Allah kada ka yi haka.

Darajani, abinci da salla

Daga nan taku kaɗan ne zuwa kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904. Sunan daga daraja ne, wato gada a Swahili, domin titin da ke gabanta a da rafin teku ne da aka cike. Tsallaken titin shi ne Ng'ambo, ɗaya gefen, inda talakawa da 'yantattun bayi suka zauna, inda kuma mafi yawan mutanen birnin suke har yau. Ko minti goma ne ka tsallaka ka gani, don ka san garin bai ƙare a inda baƙi ke yawo ba.

Ɓangaren kifi da safe yake da rai, ƙarninsa kuma ba wasa. Kayan ƙamshi a nan za ka saya: kanumfari, kirfa, citta, gyaɗar ƙamshi, banila. Guji ƙunshin da aka yi wa ado da siffar taswira ko jirgi, sau da yawa ya daɗe. Sayi na awo. Kanumfari mai kyau in ka danna shi da farce zai nuna ɗan mai, kansa kuma bai karye ba. Tambayi farashi da bei gani, ka yi tayi da fara'a, in ba ku daidaita ba ka yi godiya ka wuce. Abin da ba za ka saya ba ko an yi maka araha: ƙoƙon kunkurun ruwa, murjani, manyan katantanwa, da duk abin da aka ce hauren giwa ne. Dokokin ƙasa da ƙasa sun hana fataucin yawancinsu, a kwastan za a tsare ka.

Abinci kuwa, ƙa'idata ɗaya ce a ranar jirgi: abin da aka dafa a gabana, yana tururi. Gwada urojo, wani romo mai ɗan tsami da ake zuba wa dankali da soyayyun ƙulli. Ruwan rake da citta da lemun tsami yana da daɗi, ka ce kada a sa ƙanƙara. Ɗanyar kwakwa da aka fasa a gabanka ta fi komai aminci. Kasuwar abincin Forodhani da ake ta yabo sai rana ta faɗi take ci, yawancin jirage kuwa sun tashi kafin nan. In naku zai kwana, je ka, amma ka zaɓi mai gasawa nan take, ka kuma ji farashi kafin a ɗora maka a faranti.

Masallatai suna da yawa a tsohon garin, sai dai galibinsu ba su da doguwar hasumiya, kana iya wuce su ba ka sani ba. Takalma a bakin ƙofa su ne alama. Na Malindi, kusa da tasha, shi ne mai tsohuwar hasumiyar nan mai tsini. Alƙibla a nan arewa ce kusan sak, domin Makka da Zanzibar kusan a layi ɗaya suke. In ranar Juma'a ce, shaguna da yawa za su rufe da azahar. In azumi ne, wuraren cin abinci da dama ba sa buɗewa da rana, wanda ba ya azumi kuma ya guji ci da sha a kan titi.

In ka nace sai teku

Na ce zan faɗi dalilin zaɓen gari. Farin yashin nan da ake gani a hotuna ba a birnin yake ba. Nungwi, a ƙarshen arewa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota, zuwa kawai. Gaɓar gabas, irin su Paje, ta ɗan fi kusa, amma can in teku ya janye yakan yi nisa ƙwarai, kana iya isa ka tarar babu ruwan iyo sai bayan awoyi. Yashi da ruwa kuma za ka same su a wani tsibirin da jirgin zai tsaya. Wannan garin kuwa babu irinsa a gaba.

Wanda duk da haka ya fi son nesa, ya sayi tafiyar ta hannun jirgin ko da ta fi tsada. Dalili ɗaya ne: in motar da jirgi ya shirya ta makara, ana jiran ta. In taksin da ka ɗauka da kanka ya lalace a hanya, ba wanda zai jira ka.

Matsakaiciyar hanya ita ce tsibirin Changuu, kamar rabin awa a kwale-kwale daga Forodhani. An gina kurkuku a can a 1893, amma wurin killace masu cuta ya zama. Akwai manya-manyan kunkuru da aka kawo kakanninsu daga Seychelles a 1919. Je da safe, ka duba akwai rigar ceto kafin ka shiga, kada ka biya kuɗin duka sai an dawo da kai. Iska kan tashi da yamma, musamman a watannin iskar kudu da suke kira kusi, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Daga Maris zuwa Mayu kuma damina ce mai ƙarfi, masika.

Komawa

Sa wa kanka wa'adin da ya riga na jirgi da awa ɗaya cur. Awar ƙarshe ka yi ta a Forodhani ko wani wuri da idonka ke kan jirgin, ba a cikin lungu kana cinikin zane ba. Layin ƙananan jirage yakan yi tsawo a ƙarshe, kuma in teku ya ɗan harzuƙa jigilar na tafiyar hawainiya. A ƙofar jirgi za a duba katinka, a sa jakarka a na'ura. Ɗanyen abinci da 'ya'yan itace kan iya tsayawa a nan, wuƙar ado kuma za a karɓe a ajiye maka. Sauran shilin da ke aljihunka ka kashe shi ko ka ba wanda ya yi maka hidima, da wuya ka sami mai canza shi a tasha ta gaba.

In ƙaddara ta sa ka ga ba za ka isa ba, kira wakilin nan tun kana hanya, kada ka bari sai ka iso. Wani lokaci kyaftin kan ɗan saurara in ya san kana kusa. In jirgin ya tafi, fasfon da ke hannun ma'aikata ko cikin akwatin ɗakinka akan bar shi wurin wakilin, shi zai taimaka maka ka cim ma jirgin a tasha ta gaba, da kuɗinka. Daga Zanzibar akwai jirgin fito mai sauri zuwa Dar es Salaam, kamar awa biyu, akwai kuma filin jirgin sama a kudancin birnin.

In ka shiga lafiya, kada ka wuce ɗaki. Koma benen da ka tsaya da safe. Rana na bayanka yanzu, haskenta na dukan fuskar gidajen, kuma wannan karon ka san su: ga ganuwa, ga lambun da samari ke taruwa suna tsalle daga kan bango zuwa cikin ruwa, ga wajen da lungun mai kofi yake. Jiragen katako masu tafiya da iska, da ƙyallensu mai kusurwa uku, a wannan lokacin suke fita. Duhu a nan ba ya jira, minti ashirin bayan faɗuwar rana ya rufe. In iska ta biyo ta wajenku, za ka ji kiran sallar magariba na tasowa daga masallatai da yawa lokaci guda, yana raguwa yayin da jirgin ke juya hancinsa.